Ƙwayoyin gane-gane: ba a zama likitan kai

Wata magana ta bazu a Turai da Amurka, intanet kuma ta kai ta cikin salular samari ko'ina: wai ƙwayoyin da ke sa mutum gane-gane, irin su LSD da silosibin da ake samu cikin wata laimar kwaɗi, ba su kama jiki, saboda haka mai hankali yana iya auna wa kansa, ya sha, ya bari ran da ya ga dama. Rabin maganar gaskiya ne, kuma wannan rabin shi ke ruɗin jama'a.

Lalle ba su yi wa jiki irin kamun da taba ko tramol ke yi. Wanda ya bar su ba ya makyarkyata, ba ya ciwon gaɓoɓi. Hasali ma jiki na saurin sabawa da su, har in aka sha kwana uku ko huɗu a jere sai su daina aiki. Haɗarinsu yana cikin sa'o'in da suke riƙe da hankali: awa 8 zuwa 12 ga LSD, awa 4 zuwa 6 ga silosibin.

Albert Hofmann, masanin da ya haɗa LSD a birnin Bal na ƙasar Suwis a 1938, shi ne ya fara kuskuren awo. A 1943 ya sha kashi ɗaya cikin 4000 na giram, yana zaton ɗan taɓawa ne, sai tsoro ya rufe shi, ya ɗauka hauka ce ko ajali, har aka kira masa likita. In wanda ya ƙera abu ya ruɗe haka, ina ga wanda ya saye shi a ɓoye? Sau da yawa abin da ake sayarwa da sunan LSD wani sinadari ne daban, kamar NBOMe, wanda ya riga ya yi kisa. Ga faɗowa daga bene ko shiga gaban mota cikin ruɗewa. Ga wanda ke da taɓin hankali a danginsu, shan rana guda na iya tada ciwon da ke kwance. Wasu kuma gane-ganen kan riƙa dawo musu watanni bayan sun bari.

Masu kare shan kai-da-kai suna kafa hujja da asibitoci. Gaskiya ne a 2023 Ostiraliya ta yarda wasu likitocin ƙwaƙwalwa su ba da silosibin ga masu ciwon damuwa da ya gagari sauran magunguna. Amma can sai an bincika lafiyar mutum da ta danginsa, a auna magani tsantsa, a zauna tare da shi har ya dawo hayyacinsa. Waɗannan uku su ne mai sha shi kaɗai ba ya da su. Su kuma masu shan ɗan mitsitsi a kai a kai don kaifin basira, binciken jami'ar Imperial ta Landan a 2021, kan mutum 191, ya nuna waɗanda suka haɗiyi ƙwayar da ba komai cikinta sun ji sauƙi kusan daidai da su.

Ƙasar Hausa ba baƙuwar wannan darasi ba ce. Zaƙami na tsirowa a kan juji da kufai, kuma ba banza aka sa masa suna haukata-yaro ba. Aikinsa a jiki ya bambanta da na LSD, ya kuma fi shi kisa, domin ƙarfin gubarsa na sauyawa daga tsiro zuwa tsiro, babu mai iya auna shi da ido.

Mai cewa zai sha ya kuma tsare kansa ya manta cewa hankalin da zai yi tsaron shi ne abin da ƙwayar ke fara ɗauka. Wanda damuwa ta dame shi, ƙofar likita ta fi masa. Wanda kuma ya iske ɗan'uwa ya sha ya ruɗe, kada ya bar shi shi kaɗai, ya gaggauta kai shi asibiti. In kunne ya ji, jiki ya tsira.