Amarya mai shekara 20, ango mai 12: abin da Kaoru Mori ta zana da abin da ta sassauta

Tun shekarar 2008 Kaoru Mori, mai zanen labarai 'yar ƙasar Japan, take fitar da labarin Otoyomegatari, wanda masu karatu da Turanci suka sani da A Bride's Story. Yana cikin labaran zane da Japanawa ke kira manga, kuma an gina shi a tsakiyar Asiya ta ƙarni na 19, a yankin Tekun Kasfiyan. A babin farko aka kawo Amir, 'yar makiyaya mai shekara 20, gidan mijinta Karluk, wanda shekarunsa 12. Labarin ya ci kyauta a bikin Angulem na Faransa a 2012, ya kuma ci Manga Taisho a 2014, amma har yau wannan tazarar ta shekara 8 ce abu na farko da sabon mai karatu ke tuntuɓe da shi.

A ganina ƙarfin labarin ba a tazarar yake ba. Mori ta nuna aure a matsayin yarjejeniya tsakanin gidaje biyu, wadda ango da amarya su ne na ƙarshe da ake tambaya. Karluk ne auta, kuma a al'adar da ta zana auta ke gadon gida, saboda haka ana buƙatar matar da za ta riƙe gidan tun yanzu. Ita kuwa Amir, a idon mutanen garin ta riga ta tsufa da zama amarya. Ta iya hawan doki, ta iya harbi da baka, tana farauto zomo ta dafa wa surukai. Zaman da ke tsakaninta da mijin ya fi kama da na yaya da ƙani, kuma yaron ya san haka, yana jin ciwonsa, har daga baya ya tafi zama wurin Azel, wan Amir, don ya koyi farauta da harbi ya cancanci sunan miji.

Inda labarin ya fito da haƙoransa shi ne lokacin da dangin Amir suka dawo neman a mayar musu da ita. Ba kewarta suke yi ba. Suna so su aurar da ita ga wata ƙabila mai ƙarfi, Numaji, domin su ci gaba da samun wurin kiwo, alhali 'yan uwanta mata da aka riga aka kai can sun mutu a hannun mazajensu. Hujjarsu ita ce auren bai kai ga haihuwa ba, don haka ana iya warware shi. A nan ƙuruciyar Karluk ta zama makami a hannun dattawa. Haka kuma labarin Talas, wadda ta auri 'yan uwa biyar ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya mutu a gaje ta, yana nuna macen da ba ta taɓa zaɓa ba. Duk wannan yana gudana ne yayin da Rasha ke matsowa, ita da ta ci Tashkent a 1865 da Samarkand a 1868, filin kiwo yana ƙanƙancewa, 'ya'ya mata suna zama kuɗin sulhu.

To amma akwai abin da bai kamata mai karatu ya bari ya wuce shi ba. Mori ta juya tazarar: mace ce babba, namiji ƙarami. Wannan zaɓi ya sauƙaƙa mata aiki ƙwarai. Da yarinya ce mai 12 aka kai ɗakin saurayi mai 20, wanda shi ne ya fi yawa a tarihin wurare da dama, da wuya a sami zanen da zai sa mai kallo ya yi murmushi. Amir tana da ƙarfin jiki da basira, ta kuma faɗa gidan mutanen kirki. Matan da aka kashe a Numaji kuwa labarinsu kawai ake ji. Waɗanda al'adar ta ragargaza suna gefen shafi, wadda ta yi sa'a tana tsakiya.

Kyawun zanen ma yana da hannu a ciki. Mori takan ɓata shafuka a kan zanen kilishi, sassaƙar ƙofa, gasa burodi, da ɗinkin kayan ɗakin da yarinya ke farawa tun tana ƙarama, abin da duk wanda ya ga yadda uwa ke tara kayan ɗakin 'yarta a ƙasar Hausa zai gane nan take. Ido yana cika da ado har zuciya ta manta da tambaya. Ba na cewa Mori tana tallar auren yara. Nuna al'ada daban, yarda da ita daban, kuma marubuciyar da ta sa Amir ta yi lacca irin ta ƙarni na 21 da ta yi wa tarihi ƙarya. Sai dai wanda ya ɗauki littafin ya ce ga shaida cewa irin wannan aure yana tafiya lafiya, ya jingina ne da gida ɗaya da mai zane ta ƙirƙira, ta kuma zaɓa masa surukai masu tausayi da hannunta.

Ita kanta Japan ɗin da ake buga labarin ba ta daɗe da rufe wannan babi ba. Sai a watan Afrilun 2022 dokarta ta ɗaga mafi ƙarancin shekarun auren mace daga 16 zuwa 18, shekara 14 bayan Amir ta fara bayyana a shafin mujalla.