Wane Ne Gwani A Fagen Yaƙin Sama?

Duk sa'ad da masana tarihin yaƙi suka shiga gardamar gwanayen matuƙa jiragen sama, sunan da akan fara ambata shi ne Erich Hartmann, Bajamushen nan da aka lasafta masa kakkaɓo jirage 352 a Yaƙin Duniya na Biyu, kusan dukkansu na Rasha. Zakaran Amurkawa kuwa, Richard Bong, 40 kacal ya harbo. Mai bin lissafi ido rufe sai ya ce Bajamushe ya ninka Ba'amurke kusan sau tara a gwaninta.

Al'amarin ba haka yake ba. Jamus ba ta saba sallamar gwaninta daga fagen fama ba. Yakan yi ta tashi har a kashe shi ko ya naƙasa. Hartmann ya fita yaƙi fiye da sau 1,400. Amurka kuwa da zarar mutum ya yi fice sai ta janye shi ya je ya koyar da sababbin hannu, kamar yadda aka mai da Bong gida bayan ya cika 40 a watan Disamba 1944. Dabarar nan ta Amurka ita ta fi amfani, gama a shekarar 1944 Jamus tana tura samari sama ba su ƙoshi da horo ba, ga ƙarancin malamai, ga ƙarancin mai.

Shi kansa lissafin ma ba a rasa shi da gyara. Ran 15 ga Satumba 1940 Ingila ta ba da sanarwar harbo jiragen Jamus 185. Bayan yaƙi takardun Jamusawa suka nuna wajen 60 ne. Ba lalle ƙarya aka shirya ba. Cikin hayaƙi da ruɗani matuƙa biyu ko uku sukan harbi jirgi guda, kowa ya koma gida yana rantsuwa shi ya kayar.

Wannan bai rage wa Hartmann kome ba. Ɗabi'arsa ita ce ya faki abokin gaba, ya matso daf da shi, sa'an nan ya buɗe wuta, har tarkacen jirgin da ya harba yakan lalata nasa ya tilasta masa sauka. Da yaƙi ya ƙare ya yi shekara 10 a tsare a hannun Rashawa, sai 1955 aka sako shi. Bong kuwa ya mutu a Kalifoniya ran 6 ga Agusta 1945 yana gwajin sabon jirgi, ranar da aka jefa wa Hiroshima bom.