Masinjan Da Ba Ya Tambaya

Zuwa ga Edita,

Ga jawabina na wannan mako.

Jama'a, yanzu ana aiken ƙirƙirarriyar basira kamar masinja. A 2023 kamfanin OpenAI ya buɗe mata hanyar kiran manhajoji su yi mata aiki, a 2024 kuma Anthropic ya fito da ƙa'idar MCP. Amma ba ta ganin cikin manhaja. Suna da bayanin da aka rubuta take karantawa, da su take zaɓe.

To, ƙaƙa za a auna kyan bayani? A miƙa shi ga sabon akawu. In an rubuta "farashin gero" kurum, ba a ce na mudu ne ko na buhu ba, na kasuwar Tsafe ko ta Bungudu, akawu zai komo ya tambaya. Na'ura kuwa sau da yawa sai ta yi kintace, manomi ya sayar da hatsinsa bisa lissafin banza.

Bayani nagari shi ne wanda ya faɗi aikin manhaja, da abin da za a ba ta, da abin da za ta mayar, da inda ba ta da amfani. Sa'an nan a jarraba da tambayoyi barkatai, a ƙirga sau nawa aka dace.

Wassalam.

Naku, Akawu,
Tudun Wada, Gusau.