Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: Aikin Ciyaman Idan Hedkwata ta Tashi

Ya ku 'yan'uwa ɗalibai da matasan ma'aikata, mu da muka fito daga Gozaki da ƙauyukan da ke kewaye da ita muna da wata magana da muke so mu ajiye a gabanku, domin gobe da yawa daga cikinku ne za su zauna a ofisoshin ƙananan hukumomi, wasu ma a kan kujerar shugabancinsu. Maganar ita ce: idan babbar ma'aikatar da gari ya dogara da ita ta naɗe tabarmarta ta mai da hedkwatarta wani wuri, ko kuwa aka rufe ta ɗungurungum, mene ne aikin shugaban ƙaramar hukuma, wato ciyaman? Ba sai mun yi nisa wajen neman misali ba, gama ƙasarmu ta ɗanɗana wannan har sau biyu cikin shekara goma.

Gozaki tsohon gari ne a ƙaramar hukumar Ƙafur ta Jihar Katsina, kuma an san ƙasarta da noman auduga tun kafin zuwan Turawa. Amma tun zamanin mulkin mallaka arzikin manominmu ya rataya ne a kan abin da ake yankewa a Funtuwa da Malumfashi, inda kamfanin BCGA na Ingilishi ya kafa injinan gurzar auduga. Ita kanta Funtuwa da tashin hedkwata ta girma, domin Sarkin Maska ya baro tsohon garin Maska ya zauna a cikinta, hanyar jirgin ƙasa daga Zariya zuwa Gusau da Ƙauran Namoda ta ratsa ta, fatake da leburori suka biyo. Garin da ya ci ribar tashin wani ya kamata ya san cewa wata rana abin zai iya juyowa kansa.

A shekarar 1975 aka buɗe Shirin Bunƙasa Aikin Gona na Funtuwa da rancen Bankin Duniya, ɗaya daga cikin uku na farko a ƙasar nan, sauran biyun su ne na Gusau da na Gombe. Shirin ya haɗa gundumomin Funtuwa, Malumfashi, Bakori, Faskari da Ƙanƙara. Ya gina hanyoyin karkara da cibiyoyin sayar da taki da iri, ya baza malaman gona, ya kuma yaɗa sabon irin masara wanda ya sake fuskar gonakinmu. Hedkwatarsa tana Funtuwa, da direbobinta da makanikanta da akawunanta. Da wa'adinsa ya cika a 1980 sai aka juya ga shirin da zai game jiha baki ɗaya. Bayan an ƙirƙiro Jihar Katsina ran 23 ga Satumba 1987, aka kafa hukumar KTARDA da hedkwata a birnin Katsina, Funtuwa kuwa ta koma ofishin shiyya.

Na biyu ya fi zafi. A 1977 gwamnatin tarayya ta kafa hukumomin cinikin amfanin gona, ta ajiye ta gyaɗa a Kano, ta hatsi a Minna, ta koko a Ibadan, ta auduga kuwa a Funtuwa. Wato dai ofishin da ke kula da cinikin audugar Nijeriya duka a ƙofar gidanmu yake. A 1986 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta rushe waɗannan hukumomi a ƙarƙashin shirin gyaran tattalin arziki. Ba mu zo nan don mu wanke hukumar auduga ba, domin iyayenmu ba su manta da arhar kuɗin da takan yanka wa amfaninsu ba. Amma fa tana raba iri, tana tsai da ranar buɗe kasuwa, tana da ma'aikatan da ke duba auduga su rarrabe lamba ɗaya da lamba biyu. Da ta tafi sai waɗannan ayyuka suka rasa mai su. Iri ya cakuɗe, algus ya yawaita, ana zuba ruwa da yashi a buhu don a ƙara nauyi, darajar audugarmu ta faɗi. Daga baya masaƙun Kaduna, waɗanda su ne manyan masu saye, suka bi sahu: KTL ta tsaya a 2002, UNTL ta rufe a 2007.

Ku lura da wanda ya fi shan wuya. Babban ma'aikaci akan ba shi takardar canjin wurin aiki da motar kwashe kaya. Mai gadi da leburan da ake biya kullum-kullum, da mai tuwo a bakin ƙofa, da mai gidan haya, su ne ake bari a tsaye. A bayansu kuma akwai manomin Gozaki wanda bai taɓa taka ofishin ba, amma irinsa da takinsa da kasuwarsa duk daga can suke fitowa. Shi ba ya cikin jerin waɗanda aka sallama, saboda haka ba a ƙirga shi cikin masu hasara, alhali kuwa hasararsa ta fi ta kowa daɗewa.

To, mu faɗi gaskiya, ciyaman ba shi da ikon riƙe ma'aikatar da ta yi niyyar tafiya. Shawarar da aka yanke a fadar gwamnatin tarayya ko a ɗakin taron masu hannun jari ta fi ƙarfin sakatariyar ƙaramar hukuma. Daɗin daɗawa, a 1986 ba zaɓaɓɓu ke riƙe da ƙananan hukumomi ba, naɗaɗɗun gwamnatin soja ne, sai a Disamba 1987 aka yi zaɓe. Wanda aka naɗa daga sama kuwa, sama yake kallo. Ko a ƙasashen da magajin gari ke da ƙarfi ma haka abin yake. A Amurka kamfanin ƙera jiragen sama na Boeing ya ɗauke hedkwatarsa daga Siyatil, inda aka kafa shi a 1916, ya kai ta Shikago a 2001, bayan birnin da jiharsa sun yi masa alkawarin rangwamen haraji na kimanin dala miliyan 60. A 2022 ya sake tashi ya koma Jihar Bajiniya. Amma masana'antun haɗa jiragen sun ci gaba da zama a kewayen Siyatil, inda ƙwararrun ma'aikatan suke. Ofis yakan tashi a mota guda, gwaninta kuwa sai an yi sakaci take watsewa.

A ganinmu a nan aikin ciyaman yake: ya tsare abin da bai kamata ya bi hedkwata ba, kuma ya fara tun kafin a ɗaura kaya, domin Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Doka ma tana bayansa. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya mai da su mataki na uku na mulki, Tsarin Mulki na 1999 kuma ya lissafa musu kasuwanni da tashoshin mota da ƙananan hanyoyi, tare da sa hannu cikin bunƙasa aikin gona da ba da shawara kan tsarin tattalin arzikin jiha.

Abu na farko, tilas ne ya san gidansa. Ya kamata a sami littafi a sakatariya wanda ke nuna kowace babbar ma'aikata da ke yankin, mutum nawa take ɗauka, manoma nawa ke sayar mata, kuɗin shiga nawa hukuma ke samu ta dalilinta. Ciyaman da yakan zauna da manajoji da shugabannin ƙungiyoyin ma'aikata lokaci-lokaci ba zai ji labarin tashinsu a rediyo kamar kowa ba.

Na biyu, idan tafiya ta tabbata, ya shiga ciniki maimakon roƙo. Tawagar da za ta je da manyan riguna ta yi kuka ta dawo ba ta amfana wa kowa kome. Ya tafi da hakimi da 'yan majalisa da wakilan ma'aikata da na manoma, da buƙatu a rubuce: a ba da wa'adi isasshe, a biya ƙananan ma'aikata hakkinsu kafin a rufe ƙofa, a bar reshe mai aiki na gaske, a gyara duk ɓarnar da aka yi wa ƙasa ko ruwa.

Na uku, ya tsare gine-gine da filaye. Rumbuna da gareji da gidajen ma'aikata da aka gina da dukiyar jama'a ko da bashin da jama'a za su biya, bai halatta su zama kango ko ganimar 'yan tsiraru ba. Dokar Mallakar Ƙasa ta 1978 ta sa filayen birni a hannun gwamna, ta bar wa ƙaramar hukuma ikon ba da izinin zama a ƙasar karkara. Saboda haka inda ikonsa ya kai ya yi aiki da shi, inda bai kai ba ya rubuta ya kuma sanar da jama'a abin da ya rubuta. Rumbun da ya ɗauki auduga zai ɗauki masara da waken suya, garejin da aka gyara tarakta a cikinsa zai iya zama makarantar koyon makanikanci.

Na huɗu, wanda ya fi shafar mu mutanen karkara, ya tambaya: waɗanne ayyuka ne ma'aikatar take yi wa manoma waɗanda za su mutu da tafiyarta? Da a 1986 an sami masu tara manoma cikin ƙungiyoyin gama-kai, a tsare iri mai kyau, a sa sikeli na gaskiya da mai duba kaya a kowace kasuwar auduga, da ɓarnar ba ta kai inda ta kai ba. Kasuwa dai a hannun ƙaramar hukuma take. Mai karɓar kuɗin rumfa da na lodi ba shi da hujjar cewa awon da ake yi a ƙarƙashin rumfar bai shafe shi ba. Tun da manomin Gozaki yana ƙarƙashin Ƙafur, yana kai kaya Malumfashi da Funtuwa da Ɗandume, wajibi ne shugabannin waɗannan hukumomi su zauna tare, gama hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Mun san za a ce mana, da wane kuɗi? Wannan tambaya tana da tushe, domin shekara da shekaru kason ƙananan hukumomi yana bi ta asusun haɗin gwiwa da jihohi. Ran 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan su kasonsu kai tsaye, kuma zaɓaɓɓu ne kaɗai doka ta sani. Hukunci a takarda daban, aiki da shi daban, wannan gaskiya ne. Amma ku sake duba abubuwa huɗun da muka lissafa. Ajiye littafi, kiran taro, rubuta wasiƙa, sa ido a kan sikeli, duk waɗannan sun fi bukatar himma da riƙon amana a kan kuɗi. Za a kuma ce rashin tsaro ya hana kome, ga abin da ya faru da ɗaliban Ƙanƙara a Disamba 2020. Mu kuwa muna ganin matashin da aka bari ba gona mai riba, ba aikin albashi, shi ne ya fi sauƙin ruɗuwa, don haka maganar aikin yi tana cikin maganar tsaro.

A 2024 aka ƙaddamar da tashar sauke kaya ta kan tudu a Funtuwa, jama'a suka yi murna, mu ma mun yi. Sai dai muna tunatar da shugabanninmu cewa haka iyayenmu suka yi murna a 1975 da 1977. Yanzu ne lokacin tambaya: yaranmu nawa za a koya wa aikin, wace hanya za ta haɗa ƙauyukanmu da tashar, wace ƙungiyar manoma za ta iya cika mota da kaya mai daraja ɗaya?

Ku kuma 'yan'uwa, in lokacin zaɓen ƙananan hukumomi ya zo, kada ku tsaya ga tambayar ɗan takara rijiya nawa zai haƙa. Ku tambaye shi ya faɗi manyan ma'aikatu uku da ke ciyar da yankinsa, da abin da ya tanada in ɗayarsu ta tashi. Mu ɗaliban Gozaki mun ɗaura niyyar yin wannan tambaya a duk dandalin da aka tara mu, muna kuma roƙon ƙungiyoyin ɗalibai na Funtuwa da Malumfashi da Bakori su yi haka a nasu garuruwan.