Jar Ƙasa Ba Ta Da Laifi

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin mutanen Birketiri, unguwar Hausawa ta birnin Yawunde, har da maƙwabtansu na Cité Verte. Wai ƙasar nan matacciya ce, ba ta haifar kome sai an zuba mata takin zamani. Wannan magana ba gaskiya ba ce, kuma masu faɗinta su ne kullum safiya suke kwasar abincin ƙasar suna zubarwa a kwata.

Gaskiya ne ƙasar Yawunde ja ce, mai tsami, mai tauri. Sunan Birketiri kansa daga aikin tubali ya fito, kowa kuwa ya san ƙasar da ta yi kyau ga magini ba lalle ta yi wa manomi daɗi ba. Ga ruwan sama mai yawa, wajen milimita 1,500 a shekara, cikin damina biyu, yana wanke ɗan ƙarfin da ke samanta daga kan tudu zuwa kwari. Amma wannan yunwa ce, mayunwaci kuwa ciyar da shi ake yi.

Abin kaico shi ne, da wuya a sami unguwa a Yawunde da ta fi wannan arzikin taki. Duk Babbar Salla raguna sukan cika ta daga arewa, kashinsu ya taru. Masu tsire suna da toka. Kasuwar Mokolo, nan kusa, kullum tana fid da ɓawon ayaba da na rogo da ruɓaɓɓen ganye. Ina duk wannan yake zuwa? Wani motar HYSACAM ta kwashe zuwa juji a Nkolfoulou, wani ya toshe lambatu har ruwa ya shiga ɗakunan mutane. Sa'an nan mai gida ya ɗauki kuɗi ya sayo 'yar ledar takin 20-10-10 saboda kunya uku na alayyafo!

Wai aikin ƙazanta ne, in ji waɗansu. To, kakanninsu ba su ga haka ba. Manoman karkarar Kano sun yi shekaru aru-aru suna shiga birni da jakai, su cika mangala da takin gari, su kai gona, gonakin nan kuwa ana nomansu shekara da shekaru ba hutu. A Tawa ta Nijar, da tassa, wato ƙananan ramuka da ake zuba wa ɗan taki, aka mai da faƙo gona. Ashe jikan nan da ke toshe hanci ya manta gadonsa ne kawai.

Takin zamani yana da amfaninsa, ba mai musu. Sai dai shuka yake ciyarwa, ba ya gina ƙasa, yawan zuba yuriya ma ƙara mata tsami yake yi. Farashinsa kuma a hannun waɗansu yake. An gani a 1994 da aka karya darajar sefa da rabi, an sake gani a 2022 da yaƙin Rasha da Yukiren ya tashi.

Aikin kuwa ba wuya. A keɓe wuri a inuwa, a shimfiɗa busasshen ganye, a bi shi da ɓawo da sauran tarkacen madafa, a ɗora kashin tumaki ko na kaji, a barbaɗa toka kaɗan da ƙasa, a yi ta maimaitawa. A tsince leda da batir da fasasshen kwalba. Mai gida a kwari ya tara nasa a bisa ƙasa, kada ya haƙa rami, gama ruwa zai kwanta ciki ya yi ɗoyi. A rufe shi saboda ruwan sama, a riƙa juya shi duk mako biyu. Ɗanyen kashi ƙone shuka yake yi, saboda haka mai gaggawa shi yakan dawo ya zagi ƙasa. Bayan wata biyu ko uku tarin ya yi baƙi, ya huce, warinsa ya tafi. Wanda ba shi da fili ko taku ɗaya, ya cika tsohon buhu da shi, ya shuka yakuwa a bakin ƙofa.