Gaiwa Da Darasin 'Yan Aji Biyar

A wannan mako filinmu zai leƙa ajin 'yan furamare ne, musamman daga aji huɗu zuwa aji shida, inda ake koya wa yara yadda kowace dabba ta dace da wurin zamanta har take iya rayuwa a cikinsa. Darasi ne mai daɗin gaske, amma sau da yawa akan kashe shi tun bai fara numfashi ba. Malami ya juya wa yara baya, ya cika allo da abin da ya kwafo daga littafi, ga labarin farin beyar mai kwana a kan ƙanƙara, ga na wani tsuntsu wai shi fengwin da ba ya tashi. Yara su kwafe, su haddace, ranar jarrabawa su amayar, shi ke nan an rabu. To, yaron da aka haifa a unguwar Makama ta Yola, inda zafin watan Maris da Afrilu yakan haura awo 40 a ma'aunin zafi, me ya haɗa shi da ƙanƙara in ba wadda ake jefawa a cikin zoɓo ba?

Malamin da ke Yola ko Jimeta ba shi da dalilin aro dabba daga bangon duniya, domin kuwa ga kogin Binuwai nan kusa, ga tafkin Geriyo, ga fadamu, ga garken shanu suna wucewa safe da yamma. Kuma a cikin laka ta waɗannan fadamu akwai wata halitta wadda masana a ƙasashen Turai suka daɗe suna mamakinta, mu kuwa miya muke yi da ita. Ina nufin gaiwa.

Gaiwa kifi ce, amma tana da huhu. Dole ne ta riƙa tasowa saman ruwa tana shaƙar iska, har ma idan aka tsare ta a ƙarƙashin ruwa aka hana ta tasowa, nutsewa za ta yi ta mutu, kifin da ruwa ke ci ke nan. Idan kaka ta wuce ruwan fadama ya fara janyewa, sauran kifaye sukan bi ruwa su koma kogi, ko kuwa su mutu a cikin taɓo. Ita gaiwa sai ta haƙa rami a cikin laka ta shige, ta naɗe jikinta, ta fitar da wani yauƙi daga fatarta wanda zai bushe ya zama kamar jaka ya rufe ta, sai 'yar ƙofa daidai bakinta inda iska ke shiga. A nan za ta zauna ba ci ba sha, bugun zuciyarta ya ragu, numfashinta ya ragu, har ruwan sama ya sauka ya jiƙa ƙasa. Watanni take yi a haka kowace shekara, kuma masu bincike sun ajiye ta a wannan hali fiye da shekara uku ta farfaɗo. Mutanenmu sukan ce gaiwa jikinta take ci, kuma wannan magana gaskiya ce, gama da tsokar jikinta take rayuwa a lokacin, shi ya sa take fitowa a rame. Ashe kakanninmu sun lura da abin tun kafin a rubuta shi a littafi.

Yanzu a duba abin da ke cikin wannan kifi ɗaya. Akwai ƙirar jiki, watau huhu. Akwai aikin cikin jiki, watau rage bugun zuciya da cin tsoka. Akwai kuma ɗabi'a, watau haƙa rami a daidai lokacin da ya kamata. Duk abin da manhaja ke son yaro ya gane game da wannan darasi yana nan a dunƙule, kuma a aji mai yara sittin da wuya a rasa ɗan masunci ko ɗan manomin fadama wanda ya taɓa ganin an haƙo ta da rani. Shi ya kamata a fara tayarwa ya ba da labari, da Hausa ko da Fulatanci, kafin malami ya taɓa alli.

Wani zai ce makarantunmu ba su da ɗakin gwaje-gwaje. Haka ne, amma bokiti fa? Malami ya bi ta wurin masu kifi da sassafe ya samo tarwaɗa ɗaya mai rai da karfasa ɗaya. Kowane yaro ya san tarwaɗa takan yi sa'o'i a cikin daro da ɗan ruwa kaɗan tana motsi, karfasa kuwa da an fitar da ita ba ta jimawa. Abin da bai sani ba shi ne dalili. Sai malami ya nuna musu cewa a cikin kan tarwaɗa akwai wata gaɓa mai rassa kamar ƙaramar bishiya, da ita take ɗaukar iska kai tsaye, shi ya sa take iya zama a kududdufin da ya gurɓace, har ta ja jiki a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa ta koma wani ruwan. In kifi ya yi tsada, a kawo agwagwa da kaza, a sa yara su dubi ƙafafunsu da bakunansu, su zana, su faɗi wa ya dace da ruwa, wa ya dace da tonon juji.

Akwai kuma kurakurai da suka zauna daram a bakin manya, waɗanda in malami bai yi hattara ba shi ne zai miƙa su ga na baya. Tozon raƙumi ba ruwa ne a ciki ba, kitse ne, haka ma tozon shanunmu tsoka ne da kitse. Abin da ke sa raƙumi jure ƙishirwa shi ne jikinsa ba ya ɓarnar ruwa: ba ya saurin zufa, fitsarinsa kaɗan ne mai kauri, kashinsa busasshe. Hawainiya ma ba kowane launi ta gani take kwaikwaya ba, yawanci fushi ko tsoro ko neman mace ko zafi da sanyi ke sa ta rikiɗa.

Amma kuskuren da ya fi waɗannan girma shi ne a bar yaro ya ɗauka cewa dabba ce ta zauna ta yi shawara ta canja jikinta, kamar yadda mutum ke sa rigar sanyi in hunturu ya shigo. Ba haka abin yake ba. Gaiwa ba ta ƙera wa kanta huhu ba, gadonsa ta yi, kuma a tsawon zamani mai nisa waɗanda halittarsu ta fi dacewa da wurin su ne suka tsira suka hayayyafa. 'Ya'yan makiyaya za su fi kowa saurin gane wannan, don sun ga yadda ake zaɓen bijimin da za a bari a garke saboda 'ya'yansa su ɗauko shi. Sun kuma san farar saniya Bunaji da Gudalin Adamawa suna jure rana da doguwar tafiya, amma in suka shiga kurmin da ƙudan tsando ya yi yawa sai sammore ya kama su, alhali 'yar guntuwar saniyar nan Muturu ta kudu tana zaune a cikinsa lafiya lau. Wace ce ta fi wata? Babu. Kowace da inda ta dace.

Daga nan ne darasin ke zama abin da ya shafi tuwon gidan kowa. Tun da halittar dabba ta dace da wani irin wuri ne, to idan wurin ya canja da sauri, ba ta da yadda za ta yi. Yawancin kifayen Binuwai sun dogara ne ga ambaliyar damina, ruwa ya malala fadama su shiga su yi ƙwai, 'ya'yan su girma a cikin ciyawa, sa'an nan su koma kogi. A shekarar 1982 aka gama madatsar ruwa ta Lagdo a kan Binuwai a ƙasar Kamaru, kudu da Garwa, kuma tun daga lokacin hawa da saukar kogin ba ruwan sama kaɗai ke yanke su ba. Wata shekara fadama ba ta cika yadda ta saba, wata shekara kuma, kamar 2012 da 2022, ruwa ya zo ya ci gonaki da gidaje. Tafkin Njuwa na Yola, wanda bikin kamun kifinsa ya yi suna, ƙasa ta cike shi ya ja baya ƙwarai. Gaiwa tana iya jiran ruwa shekara guda ko fiye, amma ba ta iya jiran fadamar da aka cike aka yi gini a kanta.

Haka batun dorina yake. Idanunta da kunnuwanta da hancinta duk a saman kai suke, domin ta wuni a cikin ruwa, da dare kuma ta fito kiwo a bakin gaɓa. A madatsar Kiri da ke kan kogin Gongola, manoman Shelleng da Guyuk sun sha kokawa da ɓarnarta. Yaron da aka koya wa cewa ita dabbar kiwon dare ce a bakin ruwa, in ya girma zai san abin da zai biyo baya idan gonar shinkafa ta kai har gaɓa. Waɗannan yara na aji biyar su ne masunta da manoma da kansiloli na shekaru ashirin masu zuwa.

Ban ce a jefar da beyar ɗin littafi ba. A ajiye shi zuwa ƙarshe, bayan yaro ya gane gaiwa da raƙumi, sai a tambaye shi: dabbar da za ta zauna a kan ƙanƙara, wane irin jiki ya kamata ta samu? Da kansa zai ce gashi mai kauri da kitse. Makarantar da ke da hali kuma ta kai yara gandun dajin Gashaka-Gumti, wanda aka kafa a 1991 tsakanin Adamawa da Taraba, shi ne mafi girma a Nijeriya.

Roƙona ga Kwalejin Ilmi ta Tarayya da ke Yola da hukumar ilmin furamare ta jiha shi ne su haɗa ɗan ƙaramin littafi na dabbobin kwarin Binuwai, da hotuna da sunayensu cikin Hausa da Fulatanci da Ingilishi, a raba wa malamai. Su kuma malamai su lura da lokaci. Darasin gaiwa na rani ne, sa'ad da laka ta tsage. Darasin shamuwa kuwa na farkon damina ne, lokacin da take dawowa daga kudancin Afirka ta yi sheƙa a kan itatuwan gari, ta ciyar da 'ya'yanta da fara da ƙwarin da ruwan sama ya tayar. Amma in kogi ya cika, kada a kai yaran mutane bakin ruwa, a kawo musu bokitin cikin aji.