Daga Dogon Dutsi zuwa labaran duniya: ina ɗalibin jarida zai nufa?

A watan Yunin 2024 'yan bindiga suka kashe sojojin Nijar shida da ke gadin bututun mai kusa da ƙauyen Salkam, a yankin Tibiri. Labarin ya zagaya duniya, domin bututun nan da kamfanin CNPC na ƙasar Sin ya shimfiɗa, mai tsawon kusan kilomita 2,000 daga Agadem zuwa gaɓar tekun Benin, shi ne a lokacin ake takun-saƙa a kansa tsakanin Yamai da Kwatano. Rahotannin da aka watsa sun dogara ne da majiyoyin tsaro. Muryar manomin da bututun ya ratsa gonarsa, da ta mai kai dankali kasuwa ta wannan hanya, ba su fito ba.

Duk yaro ko yarinyar da ta ci jarrabawar BAC a Dogon Dutsi, take mafarkin wata rana a ji ta tana kawo rahoto daga Landan ko Bon, ya kamata ta tsaya ta dubi wannan giɓi. Fita karatu waje abu ne mai kyau, kuma ya cancanci iyaye su ɗaure masa gindi. Amma jarin da ɗan Arewa, wato yankin Dogon Dutsi, zai shiga kasuwar jarida da shi yana nan gida: harshensa, da iyakar da ya tashi a bakinta.

Ba yau aka fara ba da labarin Arewa da bakin wasu ba. A watan Afrilun 1899 rundunar Faransa ƙarƙashin Voulet da Chanoine ta afka wa Lugu, garin Sarauniya, kafin ta wuce ta yi ɓarna a Birnin Kwanni. Ta'asar wannan runduna ta isa kunnen hukumomin Faransa ne ta hanyar wasiƙar wani hafsan Bafaranshe da aka kora daga cikinta. Arawa sun riƙe nasu labarin a baka, sai a 1980 ɗan jarida kuma marubuci Abdoulaye Mamani ya fitar da littafinsa kan Sarauniya, Med Hondo ya mai da shi fim a 1986. Shekara 81 ke nan kafin littafin ya fito. Mamani, wanda ya daɗe yana gudun hijira a ƙasashen waje saboda siyasar Sawaba, ya san irin rubutun da duniya ke karantawa, ya kuma san inda zai dawo ya samo labari.

To ina za a je? Shekaru da yawa amsar ɗaya ce: Faransa, musamman makarantar jarida ta Lille da aka kafa tun 1924. Wannan ƙofa ta ƙuntata. A 2023 Faransa ta dakatar da ba 'yan Nijar biza, a farkon 2024 kuma ta rufe ofishin jakadancinta a Yamai. Amma akwai CESTI a Dakar, wadda ke horar da 'yan jaridar Afirka ta Yamma tun 1965, akwai ESSTIC a Yaounde. Akwai kuma guraben tallafin karatu na ƙasashe irin su Maroko da Aljeriya da Turkiyya, waɗanda ake nema ta hukumar ANAB. Wanda ya fara samun tushe a makarantar koyon aikin jarida ta Yamai, ya koyi riƙe makirfo da tace murya, zai fi cin moriyar kowace daga cikinsu in ya je ƙaro ilimi.

Abin mamaki shi ne yadda ake mantawa da wajen da ya fi kusa. Daga Dogon Dutsi, jihohin Kebbi da Sakkwato suna nan a bayan gida, har akwai ƙaramar hukuma mai suna Arewa a Kebbi, hedikwatarta Kangiwa, dangi ɗaya ne aka raba da layin Turawa. Jami'ar Bayero ta Kano tana da tsohon sashen koyon aikin jarida da ya yaye ma'aikata da dama na sassan Hausa na rediyoyin waje. Ɗalibin da ya taso da Faransanci a lakwal, ya je Kano ko Zariya ya ƙware a Ingilishi, ya kuma goge rubutacciyar Hausarsa, zai fito da harsuna uku. Kaɗan ne ke da wannan. Ɗan jaridar Kano ba ya iya karanta sanarwar gwamnan Doso, na Yamai kuma sau da yawa ba ya iya bin muhawarar majalisar Abuja, alhali matsalar 'yan bindigar Lakurawa, da ta addabi Tangaza da Gudu a Sakkwato da Augie a Kebbi da ƙauyukan wannan ɓangare na Nijar, ba ta san iyaka ba. Haka rufe iyakar da aka yi bayan juyin mulkin Yulin 2023, wanda ya taɓa tukunyar kowane gida a Matankari da Gecheme da Kore Mairuwa kafin a buɗe a Maris 2024.

Sai dai dole a gaya wa matasa gaskiya game da aikin da suke hange. Gidajen da iyayensu suka saba kamawa da asuba, BBC Hausa tun 1957, DW tun 1963, Muryar Amurka tun 1979, RFI Hausa tun 2007, ba su nan yadda suke a da. Nijar ta dakatar da RFI da France 24 a Agustan 2023, ta dakatar da BBC na wata uku a Disambar 2024. A Maris 2025 gwamnatin Trump ta tsayar da aikin Muryar Amurka, ma'aikata suka wayi gari ba aiki. Sababbi sun shigo, kamar TRT Afrika ta Turkiyya a 2023, kuma kowace tana da gwamnatin da ke biyan albashi da abin da take so a ji. Aikin yana da haɗarinsa ma: Moussa Kaka, wakilin RFI, ya yi sama da shekara a tsare daga 2007 saboda hulɗa da 'yan tawayen arewacin ƙasa a bakin aikinsa, an kuma kama 'yar jarida Samira Sabou a 2023.

Shi ya sa abin da za a koyo a waje ya fi sunan makarantar muhimmanci. Yadda ake tabbatar da labari daga majiya biyu kafin a furta shi. Yadda ake gane hoton bogi da muryar WhatsApp da aka ƙirƙira, waɗanda suka cika wayoyin mutane tun da rikicin Nijar da ECOWAS ya taso bayan juyin mulkin. Yadda ake karanta kwangilar mai ko kasafin kuɗi, yadda ake kare wanda ya ba da bayani a ɓoye. Digirin da bai koyar da waɗannan ba, asarar gero ne da shanun da aka sayar aka biya shi.

Akwai kuma hakki a wuyan gida. Tun Maris 2025 dokar ƙasa ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar, don haka za a ƙara buƙatar masu rubuta labari mai inganci da ita. Majalisun garuruwan Arewa da 'yan asalin yankin da ke Yamai da ƙasashen waje suna iya haɗa asusun da zai ɗauki nauyin ɗalibi ɗaya ko biyu duk shekara, mata a sahun gaba, bisa sharaɗin kowane hutu su dawo su yi aiki a gidajen rediyon karkara na Dutsi da Tibiri, su koya wa na baya abin da suka samo.